Kafin a Auna wa Jari Bola, a Bar Yara Su Ji Muryar Injin

A shekarar 2011 wani matashin injiniya a ƙasar Poland, Pawel Zadrozniak, ya ɗauko akwatuna biyu na karanta faifan fulofi, irin waɗanda aka daina sa wa kwamfuta tun tuni, ya jona su da waya, ya sa suka rera kiɗan wani fim ɗin Amurka. Babu lasifika a jikinsu, babu tsirkiya, babu fata. Ƙarar ɗan injin da ke cikinsu kawai ya sarrafa har ta zama kiɗa. Ya ɗora a YouTube, miliyoyin mutane suka kalla. Bai tsaya nan ba. A 2016 ya tara akwatunan fulofi 64 da rumbun ajiyar kwamfuta 8 da sikana 2. A 2022 kuwa abin ya kai fulofi 512, rumbu 16, sikana 4, ya cika bangon ɗaki. Sunan da ya raɗa masa shi ne Floppotron.

In ka nuna wa mutane bidiyon a majalisa, dariya ce ke fara zuwa, sai wani ya girgiza kai ya ce, "Turawa dai sun ƙoshi." Wani ya ƙara da cewa wanda ke neman na cefane ina ya ga lokacin sa tarkace waƙa. Na fahimci maganar, amma ban yarda da ita ba. Kuma in ma wani zai faɗe ta, bai kamata ta fito daga bakin mutumin Birnin Kudu ko Gwaram ba, don dalilin da zan kawo nan gaba.

Bari mu fara da yadda abin yake, domin babu tsafi a ciki. Sauti girgizar iska ce. In abu yana bugawa sau biyar a sakan guda, kunne zai iya bin bugun ɗaya bayan ɗaya. In bugun ya haura kamar sau 20 a sakan, kunne ya gaza rarrabewa, sai ya ji murya guda miƙaƙƙiya. Ka ƙara sauri murya ta sirance, ka rage ta yi kauri. Sautin da makaɗan ƙasashe da yawa ke daidaita kayan kiɗansu da shi, girgiza 440 ce a sakan. To ɗan injin da ke cikin akwatin fulofi ba ya juyawa sulululu irin na fanka. Taki-taki yake tafiya: a aiko masa da umarnin lantarki ɗaya, ya yi taki ɗaya, kuma kowane taki da 'yar ƙararsa. Aikinsa na asali shi ne ya riƙa tura kan da ke karanta faifai gaba da baya a kan layuka 80. In ka aika masa da umarni 440 a sakan, zai yi taki 440, kunnenka ya ji wancan sautin daidai. In ya kai ƙarshen layi sai a juyo da shi baya, ya ci gaba da rerawa. Akwati ɗaya murya ɗaya yake iya fitarwa, kuma 'yar ƙarama, shi ya sa ake tara su da yawa. A ƙungiyar Zadrozniak, sikana ce zabiya saboda doguwar muryarta, fulofi su ne 'yan amshi, rumbun ajiya kuma, wanda hannun ƙarfen cikinsa ke bugun gefe, shi ne mai ganga.

Wannan lissafi yana zagaye da mu kullum, ba mu dai tsaya mun saurara ba. Tsohon injin niƙa na Lister yana juyi 650 a minti, yana fashewa sau ɗaya a kowane juyi biyu, wato kimanin bugu biyar a sakan. Shi ya sa ake jinsa tun daga bayan gari yana tuf-tuf-tuf, har yara na taka rawa a kai. Ƙaramin janareta kuwa sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da wutar da ta dace da kayanmu, don haka gurnaninsa a haɗe yake. Ka jona masa dutsen guga ka ji yadda muryarsa za ta nutse nan take, kafin ya farfaɗo. Nauyi ya ƙaru, juyi ya ragu, sauti ya yi ƙasa. Taransifoma ma, ranar da aka yi sa'a akwai wuta, tana gunji da girgiza 100 a sakan. A Austria akwai kan jirgin ƙasa na kamfanin Siemens da ake kira Taurus, wanda in zai tashi sai injinansa su hau sauti hawa-hawa, har matafiya na tsayawa su ɗauka a waya. Ƙananan jirage marasa matuƙi da masu ɗaukar hoton biki ke tayarwa, 'yar kukan da suke yi in an kunna su daga injinan farfelarsu take fitowa, ba su da wata lasifika.

Yanzu ga dalilin da na ce zan kawo. A watan Yunin 1955, Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi da ya kafa gidan tarihi na Jos, yana aiki a kan zanen duwatsun Birnin Kudu, sai ya lura da wasu duwatsu a kusa da kogunan da zanen yake. In aka buge su da ƙaramin dutse, ba sa yin ƙarar dutse, sai su yi amo irin na ƙarfe. Ya rubuta labarinsu a 1956, kuma daga wannan rubutu ne masana suka farga, suka shiga gano irinsu a Uganda da Sudan da Tanzaniya har Indiya. Wato a littattafan masana, labarin dutsen kiɗa daga Birnin Kudu ya faro. Fagg dai bai gano wa mutanen garin komai ba, su sun daɗe da sanin abinsu, har ya rubuta cewa wuraren na da alaƙa da al'adun aure.

Wanda ya je Dutsen Mesa ko Dutsen Habude ko Dutsen Murufu, yawanci zanen shanun nan marasa tozo yake zuwa kallo, kuma sun cancanci kallo. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yan ramukan da ke gefen duwatsun kiɗan. Lotsawa ce mai santsi, wadda hannu ke zama a ciki, kuma ba guduma ce ta yi ta ba, bugu ne a wuri guda shekara da shekaru. Ka bugi wannan rami ka ji amo mai kauri, ka matsa taƙi guda ka bugi na kusa da shi ka ji siriri. Wani ne ya fara bin jikin dutsen nan yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, ya bar inda ba ya amsawa, ya riƙe inda yake amsawa, na bayansa suka gada. Dutsen ba don kiɗa aka halicce shi ba, kamar yadda ba don kiɗa aka ƙera akwatin fulofi ba. Abin da wancan mutumin ya yi, shi ɗin ne Zadrozniak ya yi: gwaji, sauraro, zaɓe. Jikokin masu dutsen nan su ne ɗaliban da ke zaune a azuzuwan Birnin Kudu da Sara da Kila da Dingaya.

Kuma al'adar ba a dutse ta tsaya ba. Mata uku ko huɗu a kan turmi guda suna lugude, wannan ta cilla taɓarya sama ta yi tafi kafin ta cafe, ai kiɗa ne da kayan aiki. Waƙar niƙa a kan dutsen niƙa aka haife ta, numfashin mai niƙan da gogar ɗan dutsen su ne ma'auninta, kuma a cikinta ne mace ke aika saƙon da ba za ta iya faɗa wa kishiya ko uwar miji ido da ido ba. Ƙwarya ta sha ce da tankaɗe, aka kifa ta a ruwa ta zama abin kiɗa, har Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da ita a duk ƙasar Hausa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya guda, da shi ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2015. Babu wanda ya ce Ɗan Maraya ya ƙoshi ne ya sa ya ɗauki gwangwani.

Sai injin ya zo. Ba na cikin masu kukan a koma niƙan hannu. Duk wanda ya ga tafin hannun kakarsa ba zai yi wannan fatan ba. Injin niƙa ya raba mata da wahala mai yawa. Amma ya tafi da waƙar. Yau 'yan mata ne jere da robobi a ƙofar shagon mai niƙa, ƙura ta yi musu fari a gira, magana ma sai da ihu. Da can kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma. Mai walda fa? Mai faci, mai gyaran waya, mai cajin batir? Sana'o'in injin sun shigo mana da ƙara mai yawa, mu kuma muka ɗauke ta a matsayin abin haƙuri kawai.

Kiɗan da ya maye gurbin ma a akwati ya zo. Tun shekarun 1990 da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya zama ganga, ya zama sarewa, ya zama goge. Yanzu kuma manhaja ce a kwamfuta. Ban raina masu wannan aiki ba, akwai gwanaye a cikinsu, kuma tun 1978 Mamman Sani a Yamai ya nuna cewa ana iya lanƙwasa kayan kiɗan lantarki su bi salon Sahel. Sai dai danna maɓalli daban, sanin abin da ke ƙarƙashin maɓallin daban. Ranar da fiyanon ya mutu, aiki ya tsaya sai an aika Kano ko Legas. A Kinshasa kuwa, Mawangu Mingiedi, wanda ya kafa ƙungiyar Konono tun shekarun 1960, da ya ga hayaniyar birni ta danne kiɗansa, maganaɗisun tsofaffin kayan mota ya ciro ya naɗe da waya ya ƙera abin ɗaukar sauti da hannunsa. Irin wannan hannun nake so mu samu.

Muna ma da rabinsa. Ka tsaya a garejin babura a bakin titi ka ga yadda gwanin bakanike ke aiki. An kawo Bajaj tana wani ƙwas-ƙwas. Bai kwance komai ba tukuna. Ya ce wa yaronsa, "Kai, tayar da ita." Ya ɗora bakin sukundireba a kan injin, ya kafa kunnensa a kan mariƙin, ya lumshe ido. Ya matsar da shi ƙasa kaɗan, ya sake saurara. "Ƙara wuta. Sassauta." Sannan ya miƙe ya ce wa mai babur, "Alhaji, bawul ne, ba sai an sauke inji ba." Yaron na gefe yana kallon sukundireban, shi kuma maigidan ya miƙa masa ya ce, "Zo ka ji da kanka." Masu gyaran kwamfuta a titin Beirut na Kano ma haka suke: kwamfuta ta ƙi kawo hoto, sai su ƙirga 'yan kukan da take yi in an kunna, su san ɓangaren da ya samu matsala. Wannan ilimi ne na gaske, amma a kunne yake zaune, ba shi da lamba.

Makaranta kuma tana da lambar, ba ta da kunnen. Malamin Fiziks ya zana layi mai hawa da sauka a allo, ya rubuta ƙa'ida, yara su kwafa su haddace don WAEC da NECO, su fita ba tare da sun taɓa jin bambancin girgiza 200 da 400 da kunnensu ba. Alhali a bayan ofishin shugaban makarantar sau da yawa akwai ɗaki a kulle, cike da matattun kwamfutoci da firintocin da wani shiri ko wani ɗan siyasa ya kawo shekarun baya, ɓeraye na haihuwa a ciki. Ƙarshensu sananne ne. Wata rana za a kira ɗan jari bola ya ɗora a sikeli, ya fasa robar, ya ƙone wayoyin don ya ciri jan ƙarfe, hayaƙin ya bi iska. Ba laifinsa ba ne, abincinsa yake nema, kuma yana rage mana shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin ɗari ne kacal aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata. Abin da ke ba ni takaici shi ne a kilo ake sayar da abin da darajarsa ba ta nauyi ba ce.

A cikin tsohuwar sikana akwai inji mai taku. A cikin tsofaffin firintocin nan masu ƙara, irin na bankuna da, akwai biyu. Akwatin faifan DVD na kwamfutar tebur yana da ɗan ƙarami. Fulofi ya yi wuya yanzu, tunda kamfanin Sony ya daina yin faifansa a 2011, amma waɗancan sun wadatar. Abin da ya rage shi ne ɗan allon sarrafawa da ake kira Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005 musamman don ɗalibai, sai 'yar na'urar da ke tura wa injin wuta, sai umarnin da bai cika shafi guda ba. Batirin babur ko na sola ya isa ya tayar da su, don haka uzurin rashin wutar NEPA bai shigo nan ba. Abu ɗaya da dole malami ya tsaya a kai: kada yaro ya buɗe tsohon allon kwamfuta mai ƙusumbi ko akwatin da ke raba wuta, don suna riƙe caji mai haɗari ko bayan an cire su daga soket.

Me yaro zai samu in ya sa injin firinta ya yi kiɗa? Zai san yadda ake gaya wa inji ya yi taki nawa, da wane sauri, ta wace fuska. Kuma in ya yi kuskure ba sai an duba masa takarda ba, kunnensa zai gaya masa nan take. Wannan sanin shi ne ke tafiyar da injin aikin kwamfuta da ke yi wa shaddarmu ado a wuya, wanda in ya lalace tela ke zaman jiran mai gyara daga nesa. Shi ne ke tafiyar da injin yankan ƙarfe da katako na zamani. A birnin Lome na Togo, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa firintar da ke fitar da abu mai jiki daga tarkacen kwamfuta da sikana da ya tsinto a juji. A Kano kuwa, a 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da sassan tsohuwar mota da babur, har kafafen labaran duniya suka ɗauka. Hazaƙa ba ta yi mana ƙaranci ba. Jihar da ta kafa cibiyar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, take da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, take kuma da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da ta yaye irin su Aliko Dangote, ba za ta rasa malaman da za su iya wannan ɗan aiki ba.

Na san akwai iyayen da kalmar kiɗa kaɗai za ta sa su janye ɗansu. Wasu don addini, kuma malamai sun yi saɓani a kan mas'alar tun da daɗewa, ba ni ne zan raba gardamar a shafin jarida ba. Wasu kuma don tsohon ra'ayin nan na "ɗana ba zai zama maroƙi ba". Ga su duka amsar ɗaya ce: darasin bai dogara da waƙa ba. Yaron na iya sa injin ya yi kukan tashi daga aji, ko ya yi ƙara in tankin ruwan masallaci ya cika, ilimin bai canza ba. Kuma gaskiya, kiɗan injin ba abin da zai raba wani da sallah ba ne. Muryarsa a bushe take, ba ta da laushi, minti kaɗan kunne ya gaji. Ba za a kira shi biki ba, masu kalangu su kwantar da hankalinsu.

Inda zan yi faɗa shi ne in muka tashi yi sai mu kwaikwayi kiɗan finafinan Amurka don shi muka gani a YouTube. Muna da abin da ya fi dacewa da injin nan. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓa na hawa tana sauka, wata doguwa wata gajera, kuma da wannan ne kalangu ke magana: makaɗi ya matse tsirkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, mai sauraro ya ji sunansa da kirarin gidansu. Hawa da sauka da tsawo su ne ainihin abin da inji mai taku ya fi iyawa, har zamewar nan daga sama zuwa ƙasa zai yi in aka rage masa sauri a hankali. To ga jarrabawa ga 'yan ajin kimiyya: su sa injin firinta ya buga taken da aka sani a garinsu, su kai gaban wani dattijo a Dingaya ba tare da sun faɗa masa komai ba. In ya ɗaga kai ya ambaci mai taken, sun ci. Ga ta biyu: a nemi izinin ma'aikatan da ke kula da duwatsun Birnin Kudu, a kai ɗalibai, su auna amon kowane rami da manhajar waya, su rubuta lambobin, su dawo aji su sa injin ya maimaita su. A rana guda sun yi tarihi, sun yi Fiziks, sun yi lissafi, kuma sun bar wa makarantarsu rubutaccen ma'aunin dutsen garinsu.

Roƙona ga shugabannin makarantu da sakatarorin ilimi na Birnin Kudu da Gwaram, da shugabannin ofisoshin da ke da irin wancan ɗaki a kulle: kafin a yi gwanjon kayan ko a kira mai sikeli, a ba malamin kimiyya da ɗalibansa yini guda da sukundireba su cire injinan, da bel-bel, da sandunan ƙarfen. Sauran a sayar, kuɗin ya isa a sayo Arduino biyu ko uku.